Wuta Ba Ta Ɗaukar Cuta

Washegarin sadakar arba'in ɗin Inna, Barira ta samo ragowar jan fenti wajen magina, ta ɗiga a gindin kwano ɗaya da kofi ɗaya. Ta kira Hudu, ƙanin mijinta, ta nuna masa su da tsinken tsintsiya daga inda take tsaye.

"Ka ga wannan ja? Naka ne. Wanda ba ja, ba naka ba ne. Ka gane?"

"Nawa," in ji Hudu.

Ya yi murna ƙwarai, don bai taɓa mallakar abu mai fenti ba. Ya ɗauki kwanon ya fita zaure yana nuna wa masu wucewa.

Hudu ya haura shekara ashirin, har gemu ya fara tsiro masa, amma hankalinsa ya tsaya a inda na ƙaramin yaro yake. Duk unguwar Jekadafari an san shi. Shi ne mai gaida kowa da "sannu da aiki", ko da mutum na kwance ne a gindin bishiya yana sharar barci. Yana kuma da farfaɗiya tun yana goye, sai dai 'yan unguwa sun manta, domin Inna, mahaifiyarsu, ba ta wasa da Laraba. Laraba ce ranar da ƙaramin asibitin unguwa ya ware wa irin su Hudu. Farkon kowane wata takan sa masa wankakkiyar riga, ta riƙe hannunsa su tafi, a duba shi, a ba su 'yan ƙwayoyi farare. Da su ya yi shekaru bai faɗi ba.

Barira kam ba ta manta ba. Ta san abin da kowa ya sani a gari, wai yawun mai farfaɗiya in ya taɓa ka, ka ɗauka ke nan. Wa ya taɓa gani? Babu. Inna ta ƙare rayuwarta tana share wa Hudu baki da gefen zanenta, kuma hawan jini ne ya kashe ta. Amma in ka kawo wa Barira wannan, sai ta ce ai uwa daban ce, jininsu ɗaya.

Larabar farko Hudu ya sa rigarsa a bai-bai, ya zauna a zaure tun da sassafe. Can sai ga yayansa, Alhaji Dalhatu, ya fito yana kaɗa makullin mota. Shekarar ce gwamnati ta ce kowane yaro sai ya shiga makaranta, ajujuwa na ta tashi ko ta ina, Dalhatu kuwa ya samu kwangilar kai yashi da bulo. Kafin a ankara ya je Makka ya dawo, ya sayi farar Fijo, kujerunta ko ledar ba a cire ba.

"Yaya, Laraba."

"Na sani. Yau injiniya na jira na. Mako mai zuwa."

Mako mai zuwa ya zo, injiniya bai gama jira ba. Da Hudu ya dame shi, sai Dalhatu ya ce da matarsa ita ta kai shi mana.

"Ni?" in ji Barira. "In je in tsaya a layin Laraba, duk matan unguwa su gan ni? To gobe wa zai ci abincina, Alhaji?"

Barira ce ke dafa wa leburorin mijinta shinkafa da wake, da leburorin wasu ma, kullum manyan tukwane a kan wuta. Dalhatu ya duba ya ga maganarta da hankali.

"Ai ma ya warke," ya ce. "Yaushe rabon da ya faɗi?"

Shi ke nan aka rufe zancen. Maganin da ya hana shi faɗuwa shi ya zama hujjar daina karɓo maganin. Hudu ya ci gaba da sa riga duk Laraba har ya gaji ya daina.

Da can shi ke ɗebo wa gidan ruwa daga famfo, garwa biyu a kafaɗa, yana tafe yana gaisuwa. Barira ta lura idan kaya ya yi masa nauyi yawu na zubo masa, sai aka koma sayen ruwa wajen 'yan garuwa. Aka hana shi wanke kwanuka. Aka hana shi ɗaukar tire zuwa wurin gini. Ladi, 'yar Barira ƙarama, ta saba hawa wuyansa, ranar da uwarta ta kama ta a kai ta sha dukan da ba ta sake ba. Hudu ya rasa abin yi, sai bin mutane da ido a tsakar gida, hannuwansa a baya kamar yadda aka ce ya riƙa yi.

Wata rana da la'asar ya yi ƙara ya faɗi a bakin turmi. Jikinsa ya sandare, sannan ya kama karkarwa, kumfa na fita ta bakinsa, kansa na bugun ƙasa. Barira ta suri Ladi ta shige ɗaki ta turo ƙofa. Ta tagar ta kalli abin har ya lafa. Da ya farfaɗo ya ja jiki zuwa gindin bango, sai ta fito da shebur, ta ɗebo garwashi, ta zuba a duk inda yawun ya taɓa, yadda ta ga ana yi a garinsu. Tana tsaye tana kallon ƙasar na hayaƙi dabara ta zo mata.

"Alhaji, na samo wa Hudu aiki," ta ce da Dalhatu da ya dawo. "Ruwa na ɗaukar cuta, abinci na ɗauka, kwano na ɗauka. Wuta ce kaɗai ba ta ɗauka, ita ma ke kashe ta. A ba shi iza wuta."

"Wallahi kina da kai," in ji Dalhatu.

Hudu ya fi kowa jin daɗi. Tun da asuba yake tsugune a bakin murhu, ya tura wannan icen, ya jawo wancan, ya hura har idonsa ya yi ja. An gargaɗe shi kada ya taɓa murfin tukunya, kuma bai taɓa taɓawa ba. Leburori in sun zo ɗaukar abinci sukan tsokane shi da "sarkin wuta", shi kuma ya ce musu sannu da aiki. Ba wanda ya gaya musu komai game da shi.

Ana nan sai ga Sista Selina a kan ɗan babur ɗinta Honda, da jakar magani ɗaure a baya. Mutuniyar Kaltungo ce, ita ke kula da 'yan Laraba, kuma in ta ga wani ya ɗauke ƙafa takan bi shi har gida.

"Salamu alaikum, masu gida. Ina Huduna? An kwana biyu ban gan shi ba."

Hudu ya taso da gudu daga bakin murhu, duk toka a jikinsa. "Sannu da aiki, Sista!"

Ta kama haɓarsa, ta ce ya buɗe baki. Harshen duk ya ciccije. Ta sa tafin hannunta ta share masa yawu, ta goge a gefen rigarta, ba tare da ta ko duba ba. Barira ta kau da kai.

"Ya dawo da faɗuwa ke nan. Wa ya sa shi a bakin wuta?"

"Aikin da ya iya ke nan, Sista. Kin san zaman banza ba daɗi."

"Maman Ladi, ki saurare ni da kyau. Ciwon nan ba a ɗaukarsa. Ba ya cikin yawu, ba ya cikin kwano, ba ya cikin numfashi. A ƙwaƙwalwa yake. Abin da ke kashe masu shi wuta ce, da rijiya, da titi. Ki ba shi shara, ki ba shi tsintar wake, ki ba shi ko mene ne, amma ki ɗauke shi daga nan."

"To, Sista. In sha Allahu."

Ta bar musu ƙwayoyi, ta gaya wa Barira yadda Inna ke yi: a niƙa, a dama a ɗan kunu, a tsaya a kansa har ya shanye, don ba ya iya haɗiye ƙwaya. A zaure ta yi kiciɓis da Dalhatu, ta maimaita masa komai, ta ce a kawo shi Laraba likita ya gan shi. Dalhatu ya saurara yana gyaɗa kai, har ya aika aka sayo mata lemon kwalba.

"Wallahi Sista kin faɗi gaskiya. Jahilci ne ya yi mana yawa a ƙasar nan. Ni da kaina zan kawo shi."

Ƙarar babur ba ta gama ɓacewa ba Barira ta sa aka wanke kwalbar lemon da toka, tunda hannun da ya riƙe ta ya taɓa bakin Hudu.

"Su ai allura ake yi musu a asibiti, shi ya sa suke taɓa komai," ta ce. "Mu wa ya yi mana?"

Kada a zalunci Barira, ta ba da maganin. Kowace safiya takan tsaya nesa ta jefa ƙwaya ɗaya cikin jan kwano, ta ji ta ce ƙwal, ta koma aikinta. Niƙawa da damawa da tsayawa a kansa kuwa, wannan sai an matso kusa da bakinsa, kuma ba mai matsowa. Hudu yakan ɗauki ƙwayar ya lasa, ya ji ɗaci, ya tofar a hannu. Daga nan sai ya jefa ta cikin wuta, domin an koya masa duk abin da ya taɓa bakinsa wuta ake sa wa. Magani na cikin gida, ƙwayoyin na raguwa, kowa hankalinsa kwance.

Faɗuwar ta yawaita. Aka ce ɗakin Inna ya yi kusa da na yara, aka mai da shi rumfar itace a bayan gida. Aka ce ya fi masa iska. Ya saba bin Dalhatu masallaci ya tsaya a ƙarshen sahu yana kwaikwayon na kusa da shi, sai Dalhatu ya ce ya bari.

"Ai an ɗauke masa alƙalami, salla ba ta hau kansa ba. In ya faɗi a cikin sahu fa? Da wane ido zan dubi mutane?"

Hudu ya rame. Harshen ya kumbura har gaisuwar ba ta fita daidai, daga baya ma ya rage yinta. Akwai tabon ƙuna a gwiwar hannunsa, akwai wani a ƙafa, na ranakun da Allah ya sa ya faɗi gefe. Barira ta ga tabon ta ce rashin kula ne irin nasa.

Sista Selina ta sake dawowa, duk da unguwannin da ke kanta. Barira ta jiyo babur tun daga kan kwana, ta kora Hudu rumfar itace, ta ce in ya yi motsi ba shi ba abinci. Ta tari Sista a zaure da fara'a, ta ce ai an kai shi ƙauye wajen kawunsu, can ya fi samun sarari. Sista ta tsaya tana kallon hayaƙin da ke tashi daga cikin gida, amma gidan mutane ne, ba a kutsawa. A rumfar itace Hudu ya ji muryarta. Ya ce sannu da aiki a hankali, yadda ba zai rasa abincinsa ba.

Ranar da abin ya faru ana zuba kankare ne a wani ginin makaranta, an ƙaro leburori, Barira ta ɗora tukunyar da ta fi kowace girma. Da hantsi Sule, shugaban leburorin, ya shigo da mutum huɗu ɗaukar abinci. Shinkafa ba ta ƙarasa ba, suka tsaya jira suna hira.

"Adda Barira, yau kam sarkin wuta ya yi sanyi," in ji Sule.

"Hudu, ƙara wuta mana, mutane na jira!" in ji Barira.

Hudu ya durƙusa ya tura ice da hannu biyu. Sai ya yi ƙarar nan, ya sandare, ya kife ta gaba. Hannuwansa biyu suka shige cikin garwashi har gwiwa. Sule ya yunƙura zai cafko shi, har ya miƙa hannu, sai ya ga kumfa.

"Farfaɗiya ce!" wani ya ce.

Sule ya janye hannunsa. Ƙarti biyar, masu ɗaukar buhun siminti a ka kamar ba komai, suka ja da baya har suka jingina da bango. Kafaɗar Hudu na dukan dutsen murhu, tukunyar na rawa.

"Tukunyar! Tukunyar!" Barira ta ƙwala ihu.

Wannan kam ana iya taɓawa. Sule da wani suka naɗe tsumma a hannu, suka kama kunnuwan tukunyar, suka sauke ta lafiya lau, ko ƙwayar shinkafa ba ta zube ba. Har yau Barira na rantsuwa cewa don kada ta kife a kansa ta faɗa. Mai yiwuwa ne. Abin da ya tabbata shi ne tukunya ta riga Hudu fita daga wuta.

Wani ya rarumo taɓarya, Barira ta ce a'a, ta abinci ce. Kafin a samo dogon ice hannun rigarsa ya kama. Da icen aka tura shi, aka mirgina shi gefe kamar gungume. Ɗaya ya ɗebo yashin Alhaji da shebur ya watsa masa daga nesa har wutar ta mutu. Warin da ya cika gidan ba sai na faɗa ba.

Aka kirawo Dalhatu daga wurin gini. Ya zo a guje, yana salati, kuma na yarda hankalinsa ya tashi, ɗan'uwansa ne ciki ɗaya. Ya buɗe ƙofar baya ta Fijo. Ya dubi kujera, ya dubi kumfar da ta bushe a gemun Hudu. Ya mai da ƙofar ya rufe.

"Mota za ta girgiza shi," ya ce. "Baro ya fi, a tura a hankali."

Aka shimfiɗa buhunan siminti, aka mirgina shi a kai da ƙotar shebur, aka kama bakin buhunan aka ɗora a baro. Sule ya tura har babban asibiti, ƙafafun Hudu na reto a gaba. Dalhatu ya bi su a baya da motar, a hankali, yana yi wa masu keke oda su ba da hanya.

Ranar leburori ba su ci shinkafar ba, kuma ba su sake dawowa ba. Barira ta yi kuka sosai, ba wanda zai iya raba maka wane hawaye na Hudu ne, wane na tukunya. Maƙwabta suka yi ta shigowa jaje. Kowa ya zauna sai ya ce ai kun yi ƙoƙari, riƙon irinsu sai mai haƙuri, wani da tuni ya kai shi tasha ya yar. Barira ta ce ita dai Allah ya gani, ko sau ɗaya bai kwana da yunwa a gidanta ba. Wannan ma gaskiya ne.

Abin da ke ci mini rai ke nan. A gidan nan ba wanda ya taɓa dukan Hudu, ba wanda ya zage shi, ba wanda ya hana shi tuwo. Magani na nan kyauta, asibiti ba nisa, mai bayani ta zo har tsakar gida ta yi da Hausar da kowa ke ji. Abu ɗaya aka nema, wani ya matso kusa da shi taku biyu. Aka rasa, a gida mai mota.

Sista Selina ta samu labari washegari. Ta tarar da Dalhatu a barandar asibiti, ya kawo kunu a jan kofi ya ajiye a bakin ƙofa.

"Ƙauyen ke nan, Alhaji?"

Dalhatu ya sunkuyar da kai. "Ƙaddara ce, Sista. Mun yi ta gaya masa ya yi hankali da wuta. To amma kin san shi, ba abin da yake ganewa."

Sista ta wuce shi. Ta ɗauki kofin ta shiga. Hudu na kwance a gadon ƙarshe, hannuwansa biyu naɗe da bandeji har kafaɗa, an jingina su a kan filo. Likita ya ce zai rayu, amma yatsun sun tafi. Ta zauna a bakin gadon, ta niƙa ƙwaya a cokali, ta dama a kunun, ta ɗebo ta kai bakinsa.

Hudu ya datse baki, ya ja kansa baya har ya bugi ƙarfen gado.

"Hudu, ni ce, Sista. Ba ka jin yunwa?"

"Ina ji."

"To buɗe."

"Ajiye a ƙasa," ya ce, harshen na yi masa nauyi. "Ki matsa can. Za ki ɗauka."

"Ba zan ɗauki komai ba, Hudu. Ƙarya ce. Dubi, ga hannuna."

Ta miƙa hannu za ta share masa haɓa, sai ya fasa kuka, yana ture kansa cikin filo, yana ƙoƙarin haɗiye yawunsa don kada ya taɓa ta. Ta lallashe shi, ta kira sunan Inna, ta yi duk abin da ta sani. Bai daina ba sai da ta tashi, ta ajiye kofin a ƙasa gaban gado, ta koma bakin ƙofa ta tsaya kusa da yayansa.

Sannan ya yi shiru. Ya leƙo ya dubi kofin, ya dubi hannuwansa, ya sake duban kofin.